Rabin durom da farin soso: yadda na yi asarar amya biyu

Da rabin durom na fara kiwon zuma. Babu kuɗin katakon kirki a hannuna, ga tsohuwar durom ta ƙarfe yashe a bayan gida, sai na sa mai walda ya tsaga ta gida biyu. Na wanke, na babbaka cikinta don warin mai ya fita, na jera sanduna a sama irin na amyar Kenya, wadda zuma ke rataya saƙa ɗaya a jikin kowace sanda, na goga kaki a ƙasan kowace sanda, na kai gona bayan girbi. Kafin hunturu ya fita zuma ta shiga ɗaya.

Sandunan ne suka fara ba ni wahala, kuma laifina ne. Na ce wa kafinta ya yanka su kamar faɗin yatsu biyu, ya yanka santimita 4. Ashe zumarmu ta nan santimita 3.2 take so. Bambancin bai kai santimita ɗaya ba, amma ita zuma da nata awon take gini, ba ruwanta da inda ka aje sanda. Saƙar ta haure daga wannan sanda zuwa waccan, duk wadda na ɗaga sai ta yage. Daga baya na karanta cewa tun 1851 wani Ba'amurke mai suna Langstroth ya gane wannan: gibin da ya kai milimita 6 zuwa 9 zuma takan bar shi hanya, in ya gaza haka ta toshe da danƙo, in ya wuce ta gina saƙa a ciki.

Sai bazara ta zo. Zuma tana riƙe ɗumin wurin 'ya'yanta a kusan digiri 35, ta ɗebo ruwa, ta yi ta fifita da fukafukai. Amma a watan Afrilu iskar ma takan haura 40, balle ƙarfen da ya wuni a rana. Kaki ba ya narkewa sai ya wuce digiri 60, sai dai tun kafin nan ya yi laushi, kuma sabuwar saƙa mai cike da zuma ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyinta. Wata yamma na tarar zuma na ɗiga daga ƙofar amya. Saƙa huɗu sun faɗo sun danne 'ya'yan. Na daɗe tsaye a wurin, don ni na saka su cikin wannan tanda.

A nan na yi kuskure na biyu. Na ga a bidiyo yadda masu kiwo a Jamus da Finland suke amfani da amyoyin farin soso saboda sanyi, na ce abin da ya tare sanyi ai zai tare zafi. Wannan lissafin daidai ne. Abin da ban lura da shi ba, nasu soson an matse shi ya yi tauri, don amya aka yi shi. Nawa kuwa wanda ake cusawa a kwalin firji ne, ko da farce ka taɓa shi sai ya marmashe. Na shimfiɗa shi a cikin ɗaya rabin durom ɗin, ba tare da na rufe fuskarsa da komai ba.

Zuma ta shiga, kuma zafin ya ragu sosai. Bayan mako biyu na fara ganin farin gari a bakin ƙofa kamar dusa. Gaigayar soson suke yi suna fitarwa, aikin da ya kamata ya tafi wajen furanni. Ɓurɓushin ya shiga har cikin saƙa, 'yar zumar da na tace ban iya sayar wa kowa ba. Da damina ta sauka, laima ta taru tsakanin soso da ƙarfe, tsatsa da fumfuna suka kama, kiyashi suka yi gida, tsutsar da ke cin kaki ta sami lungun da zuma ba ta iya kai mata. Zumar Afirka kuwa ba ta zaman haƙuri. Cikin watan Agusta na buɗe na iske wayam.

Wani dattijo da ke rataye amyoyinsa a ɗorawar da ke iyakar gonarmu ya zo ya duba. Ya murza soson a hannu, ya ce, "Ɗana, duk abin da bakin zuma zai iya ci, ba ta barinsa a ɗakinta." Na ce, "Baba, to zafin fa?" Sai ya nuna mini tasa: zana ce aka naɗe, aka yaɓe da kashin shanu, tana can cikin inuwar ganye, iska na ratsa ta. Shekaru ina wucewa ta ƙarƙashinta ban taɓa tambayar dalilin yaɓen ba.

Ban jefar da soson ba. Yanzu amyoyina na katako ne mai kauri, soson yana cikin murfi, tsakanin kwano da siririn katako, an toshe duk gefen yadda zuma ko kiyashi ba za su kai gare shi ba. Na ɗora 'yar jinka a sama, na shafa baƙin mai a ƙafafun mazaunin, na aje kasko da ruwa da tsakuwa a kusa. Rabin durom ɗin nan biyu suna gida, awaki ke shan ruwa a ciki.