Mace ɗaya na rubuta sau biyu a salsalar gidanmu

Sai da aka buga takardar salsalar, kwafi arba'in, aka raba a taron zuri'a, sannan wata goggonmu ta ɗora yatsa a kan sunaye biyu ta ce, "Ɗan nan, ai wannan da wannan mutum ɗaya ce." Har yau in na tuna sai na ji kunya.

Dangin uba sun ba ni ita da lakabin ranar haihuwarta, dangin uwa kuma da sunan yanka. Na sa ɗaya a Yakasai, inda aka haife ta, ɗaya a Fagge, gidan goggon da ta riƙe ta. Na ba kowacce iyaye da 'ya'ya. Alhali auren zumunci aka yi, 'ya'yan wa da ƙanwa, ita ce kuma mahaɗar ɓangarorin biyu.

Lissafi ma kaɗai ya isa ya farkar da ni. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. Amma in iyayenka taubasai ne, takwas ɗin nan mutum 6 ne kawai, domin biyu sun zo ta hanya biyu. Ni kuwa na cika gurbi takwas cif da sunaye daban-daban, har ina murna.

Da na sake aikin, kowane mutum kati ɗaya na ba shi da lamba ɗaya, har abada. A katin akwai sunan yanka, duk lakabinsa, sunan uwa, unguwa, da wanda ya ba ni labarin. In mutum ya sake ɓullowa ta wani reshe, lambarsa kawai nake sawa, in ja layi zuwa inda ya fara fitowa. Sunan uwa shi ne ya fi komai amfani. A gida ɗaya za ka tarar da Muhammadu huɗu, duk takwarorin kaka ɗaya, ana ce wa wannan Abba wancan Baba saboda alkunya, kuma ɗaki ne kaɗai ke raba su.

Tambaya ma na canza. Da ina cewa "'yar wace ce?", sai a ba ni sunan marikiya, don a wurin tsofaffi ita ce uwa. Yanzu biyu nake yi: wa ya haife ta, wa ya riƙe ta? Riƙo da shayarwa da agolanci kowanne da kalar birorsa, ba na haɗa su da layin jini. Inda aka yi gardama, takardar rabon gado ce ke raba ta, tunda ɗan riƙo da agola ba sa ciki, kuma in gado ya kai ga 'yan'uwa ana bambance shaƙiƙi da ɗan uba.

Shekaru kuwa tsofaffi ba sa riƙe su, zamani suke riƙewa. Zuwan Turawa Kano 1903 ne, Sarki Alhaji, wato Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956. Da na tambayi zamanin auren matan nan "biyu" tun farko, da na ji amsa ɗaya, da miji ɗaya. Kuɗin bugu na biyu daga aljihuna ya fita, kuma sai da na karanta wa goggo shi suna bayan suna kafin na kai wa mai bugawa.