Idan Lasifika Ɗaya Ta Fi Ɗaya Ƙara, Kada Ka Fara Da Zargin Bawul

Ƙannena masu koyon gyaran rediyo da amfilifaya, ko ba daɗe ko ba jima za a kawo muku tsohuwar amfilifaya mai bawul, irin mai kwalaben gilashin nan da ke yin ja idan sun ɗau zafi, a ce ɓangaren dama yana tashi sosai, na hagu kuwa sai an kasa kunne. Irin waɗannan kaya sun yi ƙaranci a Kano, amma ana samunsu a gidajen dattawa da cikin tsofaffin kayan lantarki na Sabon Gari, kuma masu su suna ji da su ƙwarai.

Farkon wadda ta zo hannuna, ban auna komai ba na ce wa mai ita bawul ne ya gaji. Na sa ya yi odar EL84, wato manyan bawul masu tura sauti zuwa lasifika, guda biyu daga waje, don a yau galibi a Rasha da Sin da Sulobakiya ake ƙera su, kuma da dala ake saye. Suka iso, na saka, hagu tana nan yadda take. Ashe ƙura ce ta cika maɓallin bolum. Kuɗin bawan Allah ya tafi saboda gaggawata, kuma har yau abin yana damuna.

To ga yadda nake yi yanzu. Ka fara daga waje, ka riƙa canza abu ɗaya tak a lokaci guda. Ka sa sauti iri ɗaya a ɓangarorin biyu, wato mono, ko ƙarar gwaji ta 1 kHz daga wayarka, domin waƙoƙi da yawa dama can ba a raba su daidai ba. Ka tabbata maɓallin balans yana tsakiya. Sannan ka musanya wayoyin shigar sauti, ta hagu ta koma dama. In raunin ya bi waya, amfilifayar lafiyarta ƙalau, laifin na waya ne ko na abin da ke ba da sautin. In bai motsa ba, ka kashe, ka musanya lasifikun. Kunne kuma yana yaudara, musamman idan lasifika ɗaya tana lungu, don haka ka ɗora mita a kan AC a bakin fitar sauti na kowane ɓangare ka karanta da idonka.

A nan zan ja kunnenku da babbar murya. Amfilifaya mai bawul ba a kunna ta babu lasifika a jone. Na taɓa zare wayar lasifika sauti yana tafiya, kamar yadda muka saba da masu taransista, taransifomar fitar sauti ta ƙone. Idan ba ta sami inda za ta zuba ƙarfinta ba, wutar kan yi tsalle a cikin naɗin wayar ta huda abin da ya raba su. Samun irinta a garin nan aiki ne, mai naɗi kuma da wuya ya maido da sautin asali.

Maɓallin bolum shi ne wanda na fi kamawa da laifi a Kano, musamman bayan hunturu. Biyu ne a haɗe kan sanda ɗaya, kowanne da ɓangarensa, kuma can ƙasa ba kasafai suke tafiya tare ba. Alamarsa mai sauƙi ce: bambancin yana fitowa idan an rage, ya ɓace idan an ƙara, ko ka ji ƙas-ƙas kana murzawa. Ka fesa ruwan wanke kayan lantarki, ban da man inji, ka yi ta murzawa. In ya ƙi, a canza shi.

Sai bayan wannan ake taɓa bawul. Ka kashe, ka bari su huce, ka mayar da na hagu dama, ƙananan tukuna, sannan manyan. Wani lokaci zarewa da mayarwar kaɗai ke gyara abin, don tsatsa ce a ƙafafun. Amma ka lura, ƙaramin bawul ECC83, wanda Amurkawa ke kira 12AX7, bawul biyu ne a kwalba ɗaya, kuma a wasu amfilifayoyin rabinsa na hagu ne, rabi na dama. Irin wannan babu abin musanyawa, sai dai ka gwada wani mai lafiya.

Idan duk wannan bai nuna ba, sai a buɗe ciki, kuma wanda bai ƙware ba ya tsaya kusa da maigidansa. Akwai bolt 250 zuwa sama da 400 a ciki, manyan kafasito kuma suna riƙe wutar bayan an zare filogi. Wutar ta taɓa jifa da ni daga kan kujera, Allah ne ya sa da sauran kwana. Ka sauke wutar ta hanyar rasista, ka tabbatar da mita, in kuma za ka auna a kunne, hannu ɗaya ya zauna a aljihu.

Daɗin sitiriyo shi ne ɓangaren mai lafiya yana gaya maka abin da ya kamata ka gani a marar lafiyar. A ECC83, auna wutar ƙafa ta 1 da ta 6, sannan ta 3 da ta 8, ka kwatanta da takwarorinsu na ɗaya ɓangaren. Tsofaffin rasistocin 100k ƙimarsu takan haura da shekaru. Ƙaramin kafasitan da ke kan katod, wato ƙafa ta 3 ko ta 8, kuwa, zafin bawul da zafin bazararmu mai wuce digiri 40 suna busar da shi, sai ƙara ta ragu shiru babu hayaƙi babu wari. In ka canza na ɓangare ɗaya, canza na ɗayan ma. Bayan gyara ka bar ta a kunne kamar rabin sa'a ka sake aunawa kafin ka kira mai ita, domin wani raunin sai ta yi zafi yake bayyana.