Soket ɗin aski a banɗakin Kawu

Aikin wuta nake yi a Legas, kuma babu abin da ya fi haɗa ni gardama da masu gida kamar soket a banɗaki. Kowa kusa da madubi yake so. Da Kawu ya gyara gidansa na Agege, shi ma abin da ya nema ke nan, don da kansa yake gyaran gemu da kilifa duk safiyar Juma'a.

"Ɗana, irin na falo za ka sa mini, mai ƙafa uku. Kada ka tsawaita."

Na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri, wannan kam ba zai shiga nan ba."

Wutar gidajenmu volt 230 ce, kuma ɗaya daga cikin wayoyinta a haɗe take da ƙasa tun daga tiransifomar unguwa. Duk wanda ya taɓa waya mai wuta alhali ƙafarsa na ƙasa, ya zama hanya. Busasshiyar fata takan ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa da ƙyar. Ga shi yawancinmu da bokiti muke wanka, ruwa ya watsu ko'ina a kan tayil, mutum ba takalmi. Da damina bangon ma kansa gumi yake yi.

Soket ɗin aski na gaske daban yake. A cikinsa akwai ƙaramar tiransifoma mai naɗin waya biyu da ba sa taɓa juna, saboda haka wutar da ke fitowa ba ta da alaƙa da ƙasa. Ko hannu ya taɓa ɓangare ɗaya, ba ta samun hanyar bi ta jiki ta koma. Yana da rami biyu, na 230 da na 115, na biyun don kilifar da ake kawowa tsaraba daga Amurka. Ƙarfinsa bai wuce wat 20 ko kusa da haka ba. Kilifa zai ja, amma in aka sa na'urar busar da gashi, zai yi zafi ya yanke kansa.

A kasuwar Alaba na saya. Iri biyu aka ɗora mini a kan kanta, fuskarsu kusan ɗaya. Na ɗaga na farko, sakayau kamar fankon ashana, babu komai cikinsa sai fis, wannan na ɗakin kwana ne. Na biyun ya yi nauyi a hannu, bayansa ya kumbura saboda tiransifomar, kuma a jikinsa an buga lambar ƙa'idar ingancinsa, BS EN 61558-2-5. Shi na ɗauka, duk da ya fi tsada. Sai da na ƙara sassaƙe bango kafin ya zauna, don akwatinsa ya fi na soket ɗin falo zurfi.

Inda muka fi ɓata lokaci shi ne wurin kafa shi. Mu masu wannan sana'a ƙa'idar Ingila muke bi, BS 7671, tunda filoginmu da soket ɗinmu duk irin nasu ne. Ta raba banɗaki kashi-kashi: cikin bahon wanka, sai samansa har tsawon mita 2.25, sai santimita 60 daga gefensa. A wannan kashi na ƙarshe an yarda a sa soket ɗin aski mai tiransifoma, muddin feshin shawa ba ya kai masa. Soket mai ƙafa uku kuwa sai ya yi nisan mita 2.5 daga gefen bahon, a da ma mita 3 ne, kuma banɗakin Kawu gaba ɗayansa bai kai haka ba. Nasa ba shi da baho, shawa ce kawai ke zuba a tayil, irin na yawancin gidajen Legas. A irin wannan, mita 1.2 ake aunawa daga kan shawar ta kowane gefe. Na ja tef, wurin da ya zaɓa ya faɗa ciki. Dole madubi ya koma bangon bakin ƙofa. Kawu ya yi ta mitar ramukan da aka bari a sabon tayil.

Jan wayar bai da wuya. Daga layin fitila na ɗauko, waya mai kaurin sikwaya milimita 1.5, cikin bututu, babu ƙulli da salatif a hanya. Makunnin fitila da na hitar ruwa duk na fitar da su waje. Kafin in taɓa komai na kashe babban makunni na gwada da testa, ko da yake babu wuta a lokacin. Nepa ba ta sallama in za ta dawo.

Da na buɗe akwatin birekokin gidan ne na ga abin da ya fi soket ɗin damuna. Wayar ƙasa, mai kore da rawaya, an naɗe ta an cusa a lungu, ba a haɗa ta da komai ba. Mai aikin farko ya sa ta ne don ido. Na buga sandar tagulla a bayan gida na haɗa, sannan na sa RCD, wato na'urar yanke wuta idan ta zurare, mai miliyamf 30 a layukan banɗaki. Mutane da yawa suna ɗauka bireka tana kare su. Waya take karewa daga ƙonewa, kuma wutar da za ta kashe mutum ba ta isa ta motsa ta ba. RCD ce ke lura da cewa abin da ya fita bai dawo daidai ba, ta yanke nan take. Na sake gwada ta bayan an juya zuwa janareto, domin ƙananan janareto da yawa ba a haɗa su da ƙasa, sai na'urar ta zauna shiru.

Ina tattara kaya na hango doguwar waya ta biyo ta ƙarƙashin ƙofar banɗakin yara, hita na tsome a bokiti, wata jikar Kawu na shirin sa yatsa ta ji ko ruwan ya yi ɗumi. Na zare filogin na kira Inna. Yanzu a tsakar gida ake ɗumama ruwan, a cire hitar daga wuta, sannan a shigar da bokitin.