Talata a Jos: ruwan gishiri da kakin ƙirji

Sanyi ya kama sosai yau, hazo ya rufe duwatsu, ɗakin duba masu tari kuma ya cika tun ƙarfe takwas. Wanda ya fi cin lokaci wani dattijo ne, tsohon mai haƙar kuza. Sau biyu yana shan maganin tarin fuka na wata 6, tarin bai tafi ba. Gwajin tarin fuka na GeneXpert bai ga komai ba, amma da aka shuka kakinsa sau biyu a ɗakin gwaji don a ga ƙwayar da za ta tsiro, sai ga dangin ƙwayar tarin fuka da ake kira NTM, masu zama a ƙasa da ruwan famfo. Ƙurar dutse ta riga ta ɓata masa huhu, hanyoyin iska sun buɗe sun zama matattarar kaki. A cikin kakin nan ƙwayar ke fakewa, don haka fitar da shi aiki ne na kullum.

Tsarin da aka koya masa ke nan. Ya fara shaƙar salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, sau 2 zuwa 4, ya jira minti 15. Sai ruwan gishiri mai ƙarfi, kashi 3 ko 7 cikin ɗari, mililita 4 a na'urar turara magani, safe da yamma. Gishirin na jawo ruwa zuwa hanyoyin iska, kakin ya yi laushi ya saki. Wanda ya tsallake salbutamol, ƙirjinsa na iya ɗaurewa, numfashi ya riƙa fito. Shi ya sa karon farko a gaban ma'aikaci ake yi.

Ruwan gishirin sassauta kakin kawai yake yi, numfashi ke fitarwa. A ja iska can ciki sau 3 ko 4, a riƙe daƙiƙa 3, sannan a huce da baki a buɗe kamar mai hura wa madubi tururi. "Baba, ba tari za ku yi ba, huci ne," sai da aka maimaita sau uku kafin kakin ya taso.

Ɗansa ya tambaya ko za su haɗa gishirin girki a gida. Ko kusa! Ruwan da zai shiga huhu dole ya zama na kwalbar magani, tsarkakakke daga ƙwayoyin cuta.

In na'ura ko wuta ta gagara, akwai carbocisteine, maganin sha mai sassauta kaki, miligiram 750 sau uku a rana, amma mai gyambon ciki ya yi hattara. In wata 6 ya wuce ba sauyi, a bari. Dornase kuwa, wani maganin sassauta kaki, na masu cutar gado da ake kira cystic fibrosis ne, irin wannan huhun ƙara masa lahani yake yi. Abin da ya fi damuna shi ne maganin kwantar da tari da ake saye a kemis, yana danne kakin a ciki. Haka shan azithromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi kaɗai: ƙwayar ta saba da shi, a rasa babban makamin yaƙarta.

Sai tsabtar na'ura. A kwance sassanta bayan kowane amfani, a wanke, a tafasa minti 10 kullum, a shanya su bushe. Kada a ƙara ɗauraye su da ruwan famfo, can ƙwayar take. In jini ya fito a kaki, a dakata da gishirin a zo asibiti.

Zai dawo bayan mako biyu, da na'urar a hannu, a duba yadda ake wanke ta.