Tsofaffin rezar Amurka masu baki ɗaya, sana'ar da nake ciki

Kayan aski nake sayarwa, kilifa, buroshi, sabulun aski, alif da sauransu, amma abin da ya fi cin lokacina a shago kuma na fi ƙauna shi ne tsofaffin injinan rezar nan masu baki ɗaya da aka ƙera a Amurka tun zamanin kakanni. Ba irin wanda ake sa wa rezar Tiger ba fa, waccan baki biyu gare ta, ita ce ta gidan Gillette da ya yi wa rajista a 1904. Wadda nake magana baki ɗaya ne da ita, bayanta an naɗe shi da ƙarfe, ta ninka waccan kauri, bata lanƙwasa ko kaɗan in tana kan fuska.

Kuma ma injin mai baki ɗaya ya girmi na Gillette ɗin. Wasu 'yan uwa Jamusawa da ake kira Kampfe, mazauna New York, su suka yi rajistar nasu a 1880 suka sa masa suna Star, daga baya Gem da Ever-Ready suka fito, ƙarshe duk suka koma ƙarƙashin kamfani ɗaya, American Safety Razor, a Brooklyn. An ƙera su da yawan gaske shi yasa har yau basu yi tsada ba a can, mutum zai kwashe kayan kakansa da ya rasu ya zuba a kasuwar intanet ta eBay, ni kuma nan nake tsinto su, galibi a tare da yawa don in rage kuɗin kawowa, saboda wallahi dala da kuɗin jirgi su ke cinye ribar ba kuɗin rezar ba.

In kaya suka iso aikin ke farawa. Wasu suna zuwa da busasshen sabulu na shekara da shekaru ya daskare a cikin haƙoransu, wasu sun yi kore-kore don yawancinsu tagulla ce aka lulluɓe da farin ƙarfe, inda rufin ya goge sai ta canza launi. Ruwan ɗumi, sabulun wanke-wanke, tsohon buroshin haƙori, a jiƙa a goge a sake jiƙawa, sannan a tsoma a sifirit. Bana taɓa sa musu soson ƙarfe, musamman masu ruwan gwal, yanzu zai kwashe rufin. Abin da na fi dubawa kuwa wasu 'yan ƙananan ƙugiyoyi ne guda biyu a kusurwar gaba, hagu da dama, su ke tokare bakin reza kada ta zarce. In ɗaya ta cinye ko ta karye to wannan injin ya tashi aiki, zai yanki mutum, bana sayar da shi ko nawa za a ba ni, sai dai ya zauna a gilas don ado. Haka in marfin baya danne reza gam, kana girgizawa kana jin ƙas-ƙas.

Wanda zai fara, kullum Gem ko Ever-Ready samfurin 1912 nake miƙa masa. Ka ɗaga marfi da babban yatsa, ka kwantar da reza, ka rufe, shikenan, kuma yana da sauƙin kai a fuska. Samari sun fi son samfurin Micromatic na Gem da ya fito wajen 1930 saboda murɗa ƙasan mariƙin ake ya buɗe da kansa, abin sha'awa, amma na farkon nan mai buɗaɗɗun haƙora yana da zafin ci, sai hannu ya faɗa tukuna. Akwai Valet AutoStrop da Schick Injector suma baki ɗaya ne, sai dai kowanne da irin rezarsa daban, ta Gem bata shiga, don haka bana ba sabon shiga su, ya je ya rasa reza ya jefar da abu a durowa.

Maganar reza ita ce gaba ɗayan sana'ar nan. Akwai wadda ake sayarwa wajen masu kayan gini, ta kankare fenti a gilas, kamarsu ɗaya sak kuma tana shiga injin daidai, amma ba don fuska aka wasa ta ba. Dan Allah kada a sa ta. Ta aski ita ce ta Personna, wadda bata tsatsa kuma an shafe bakinta da wani sinadari mai santsi, har yanzu ana yinta a Amurka. Shi yasa bana sakin inji sai da reza a tare, kuma in kayan reza suka yi ƙasa a shago gara in dakatar da sayar da injin har su iso, don wanda ya saya jiya haƙƙinsa ne ya dawo ya samu.

Sai yadda ake riƙewa, nan mutane ke shan wahala. Wanda ya saba da na roba mai baki uku ya saba dannawa, to nan ba a dannawa sam. A jiƙa gashi da ruwan ɗumi sosai, a tada kumfa da buroshi, sannan a kwantar da saman injin kusan shafe da kunci, a ɗan ɗaga kaɗan, a bi inda gashi ya kwanta da gajeren ja. Za ka ji ƙara kar-kar-kar kamar ana kankare ƙanzo a tukunya, kada ka tsorata, alamar yana ci ne. Nakan sa mutum ya gwada a bayan hannunsa ba reza a ciki har sai na ga ya kama kwanciyar.

Mafi yawan kwastomomina masu gemu ne, gefen kunci da wuya kawai suke gyarawa, kuma kukansu ɗaya, ƙurajen aski. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in reza mai baki da yawa ta ja shi ta yanke ƙasa da fata sai ya lanƙwasa ya koma ciki ya zama ƙurji. Mai baki ɗaya kuwa daidai fata yake yankewa, in ba a bi gashi ta baya ba abin na raguwa sosai, ban ce magani ba ne, wanda nasa ya yi tsanani nakan ce Malam ka fara ganin likitan fata tukuna. Masu shagon aski ma suna tambaya, su kam sharaɗina ɗaya, reza ɗaya mutum ɗaya, a cire a gaban mai ita a jefa a gwangwani mai marfi, injin kuma a tsoma a sifirit kafin na gaba ya zauna.