Kicin ɗin mutum ɗaya a gidan mutum biyar

Tsohon gidan bene muke haya, ni da Baban yara da 'ya'yanmu uku. Kicin ɗinmu idan na tsaya a tsakiya na miƙa hannuwa, ina taɓa bangon nan da na can. Sinki ɗaya, taga ɗaya, soket biyu, sai kanta da ba ta fi faɗin tire biyu ba. In an buɗe ƙofar firij, babu mai wucewa.

Da gangan ake yin irin wannan kicin. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa sababbin gidajen bene na birnin Frankfurt a Jamus kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4. An gina kusan 10,000, kuma gidaje da yawa sun gaji tsarin. Manufar ita ce mutum ɗaya ya yi girki komai na kusa da hannunsa. Sanin haka ya sauƙaƙa mini rayuwa ƙwarai. Tunda wurin na mutum ɗaya ne, sai muka fito da aikin waje, muka bar wuta da ruwa kawai a ciki.

Yanzu fira da yanka da tsinta duk a teburin falo ake yinsu. Babbar 'yata tana da tirenta da katakon yanka, ƙanenta na miƙa kwanuka. Autan kuwa ya san iyakarsa, bakin ƙofa. Zai zo ya dafa ƙyaure ya ce, "Umma, in shigo?" Sai in ce, "Tsaya nan, ungo kofi ka kai wa Babanku." A wuri mai ƙunci ba a wasa da ruwan zafi, shi ya sa nake juya mariƙin tukunya ya kalli bango, abin da zai daɗe yana tafasa kuma in ɗora shi a kan murhun baya.

Kanta ba ta kwana da kaya, ko injin markaɗe ne, da an gama sai ya koma kabad. Mun sa an yanka mana katako daidai bakin sinki, in na ɗora shi sai wurin aiki ya ƙaru. Da izinin mai ginin muka kafa ƙarfe a bango don rataye ludayi da marafe, amma sai da aka huda har cikin bulo, don tsohon yaɓe ba ya riƙe ƙusa. Babbar tukunyar da sai an yi baƙi ake nema tana saman durowar ɗakin kwana.

Abin da ya fi damuna ba a ganinsa da ido farat ɗaya. Tururi a ƙaramin ɗaki ba ya da wurin zuwa, sai ya kwanta a bango mai sanyi. Ranar da muka janye kabad muka tarar fumfuna ta yi baƙi ƙirin a bayansa, ga yara na shaƙa. Tun daga nan ba na kunna wuta sai taga na buɗe, tukunya da marfinta, ƙofar kicin a rufe don kada damshin ya bi ɗakunan barci. Wayoyin tsohon gida ma an ja su ne tun ba a san yawan na'urorin yanzu ba. Butar lantarki kaɗai tana iya jan wat 2,000, don haka ba ma jona ta da wani abu mai jan wuta a soket ɗaya, kuma mun kira mai gyaran wuta ya duba wanda ke ɗaukar zafi.

Gas na fi yi wa kaffa-kaffa. Na tukunya ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, daidai inda yaro ke rarrafe. Duk lokacin da aka sauya tukunyar gas ɗin sai na shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa akwai ɓula. Harshen wuta shuɗi ake so. In ya koma ruwan ɗorawa, gas ɗin ba ya ƙonewa yadda ya kamata, kuma gubar da hakan ke fitarwa ba ta da wari ko kaɗan.

Kyankyasai ta ramin bututun ruwa suke tasowa daga hawan ƙasa. Mun toshe namu, amma ba su ragu sosai ba sai da maƙwabta suka toshe nasu.

Bana babbar ta ce tana son ta iya girki da kanta. Mu biyu ba za mu shiga ba, saboda haka a ƙarshen mako ita ke ciki, ni ina teburin falo ina yanka ina gaya mata ta rage wuta, in an ci an ƙoshi Babansu ya shiga ya yi wanke-wanke.