Godiya Ga Kwamandan Da Ya Sha Kashi

Yau da la'asar na kai ƙarshen littafi na 22 cikin tarihin Rum da Titus Libiyus ya rubuta, kuma shafin ƙarshen ya hana ni wucewa gaba. A shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne Hanibal, kwamandan sojojin Kartaj, wata daula a Arewacin Afirka, ya yi wa rundunar Rumawa ƙawanya a Kanne da ke kudancin Italiya, inda bisa lissafin Libiyus dakarun ƙasa 45,500 da mahaya 2,700 suka halaka a yini guda. Barro, ɗaya daga cikin shugabannin Rum biyu da ake zaɓa kowace shekara a wancan lokaci, wanda marubucin ya ɗora wa alhakin gaggawar shiga yaƙin, shi ne ya tsira, takwaransa Paulus kuwa ya faɗi a fagen daga. Da Barro ya dawo birni, manya da talakawa suka yi dafifi suka tarbe shi, aka yi masa godiya saboda bai fid da rai da ƙasarsa ba. Libiyus ya ƙara da cewa da kwamandan Kartaj ne, babu irin azabar da ba za a gana masa ba.

Ina zargin marubucin da yi wa mutanensa kwalliya, domin ya yi rubutun ne a zamanin Agustus, sarkin daular Rum, kusan shekara 200 bayan aukuwar lamarin. Duk da haka, wannan tarba ta fahimtar da ni dalilin ɗaukakar Rum fiye da nasarorin da ya jera. Cikin littattafai 142 da ya rubuta, 35 kaɗai suka iso gare mu, kuma na ji daɗi da wannan yana cikinsu.